Inci Talatin da Biyu

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ina zaune a kan bencin asibiti, a bakin ɗakin yara. Na buɗe jaka in nemi carbi, sai na tarar da littafin awo da biro da tef. Abin da hannuna ya kwasa ke nan lokacin da muka fito a guje. Shekara talatin da huɗu ina rubuta faɗin kafaɗar mutane da ƙugunsu a irin wannan littafi, ban taɓa rubuta zance a ciki ba. Yau zan fara daga shafin baya, don in ba hannun nan aiki.

Maigida ya faɗo.

Jikana ne, watansa biyar da kwana tara. Ranar da aka haife shi na ce to madalla, na yi sabon miji, tunda tsohon ya rasu ya bar ni shekara shida ke nan. Sunan ya bi shi, har ubansa Maigida yake ce masa. Uwarsa 'yata ce ta fari, tana koyarwa a firamare, kowa Malama yake kiranta, har da ni. Kullum da safe takan kawo min shi shago, in sa shi a 'yar kujerarsa ta jarirai, mai kama da kwando da mariƙi a sama, wadda ubansa ya sayo ya ajiye a wurina. Ƙarfe biyu ta dawo ta ɗauke shi. Yau sha ɗaya saura aka kira ta.

Likita ya tambaya daga ina ya faɗo. Na ce daga kan teburin yankan yadi, shi da kujerar duka, ita ta kife gefe, shi ya fita daga ciki. Ya ce tsayin teburin zai kai nawa. Na ce inci talatin da biyu. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce yawanci da hannu ake nuna masa. Na ce ni tela ce.

Sai ya ce, "Yana ɗaure a cikin kujerar?"

Malama ta shigo ke nan tana haki, har da farin alli a hannunta. Ta ce, "Ai Inna ba ta taɓa sa shi ba ta ɗaure ba."

Likita ya rubuta. Ni a lokacin ina gyara mayafina.

Laraba, ƙarfe goma na safe

An bar ni na shiga. Gadon da aka sa shi bai kai aljihun teburina girma ba, amma ya yi masa yawa. An aske masa gefen dama, wajen ya kumbura ya yi sulɓi. Barci yake yi irin wanda ba nasa ba. Maigida mutum ne da ko a barci sai ya yi faɗa da zanen rufa, yau kuwa yadda aka kwantar da shi haka yake.

Na tsaya na ga yadda wata nas ta sa masa ƙarin ruwa. Yarinya ce siririya da ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta kama ƙafarsa, ta shafa da ɗan yatsa, ta nemo wata jijiya da ba ta kai zaren ɗinki kauri ba, ta shigar da allura sau ɗaya tak. Ni da nake alfaharin zura zare a allura ba tabarau, sai na sara mata. Ashe a cikin wannan 'yar ƙafar da nake sumbata kullum akwai hanyoyi shimfiɗe, kowacce ta san inda za ta. Ikon Allah.

Sannan ta ɗauko wani tef na takarda ta zagaya kansa. Na ce mata, "'Yan mata, ya karkace ta ƙeya." Ta yi murmushi ta ce, "Haka ake so, Mama, sai ya bi ta wajen da ya fi tudu." Ta ce santimita arba'in da huɗu da rabi. Na juya nawa tef ɗin na duba, inci sha bakwai da rabi ke nan. Sati biyu da suka wuce da na yi masa hula, sha bakwai ne ba kaɗan. Kullum za su riƙa aunawa. In lambar tana hawa, jinin da ya taru a ciki yana ƙaruwa ke nan.

Na sa masa yatsana a hannun dama, ya ɗan matsa. Na sa a hagu, yatsun suna nan a buɗe. Wannan hannun ne yake fizge min tef daga wuya kullum, har nakan ce masa ɓarawon tef.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Malama ta ce in ɗauke shi kaɗan kafin a gyara gadon. Na ce ina jin mura na son kama ni.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma ban san yadda zan rubuta shi ba.

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Malama da surukina, ya juyo mana da allon kwamfuta. Hoton ƙoƙon kan Maigida ne, fari fat, yana juya shi da ɗan yatsa ta ko'ina. Layuka na gani ko ta ina, ɗaya ya ratsa tsakiyar kai daga gaba zuwa baya, wani ya gitta daga kunne zuwa kunne, wasu a ƙeya. Na ce innalillahi, ashe kan ya farfashe gaba ɗaya.

Likita ya ce, "A'a, Mama, kwantar da hankalinki. Tsagewa ɗaya ce." Ya nuna wani siririn layi miƙaƙƙe a dama. "Wannan shi ne na faɗuwar. Sauran duk da su aka haife shi."

Na matso da kujerata. Sai na ga sauran layukan ba a miƙe suke ba, karkace-karkace ne ƙanana, shiga nan fita can, irin ɗinkin da muke bi bakin yadi da shi don kar ya zare. Na ce, "Likita, wannan ai ɗinki ne." Ya yi dariya, ya ce a littafinsu ma kusan haka ake kiransa. Ya ce kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne, gutsattsari ne aka jera, ba a haɗe su gam ba, don ƙwaƙwalwa ta samu wurin girma. Sai ya girma sannan su manne. Ya ce wannan sassaucin yana cikin abin da ya taimaki yaron nan, domin kumburin ya samu ɗan wajen numfashi.

Na san wannan aikin. In za ki yi wa yaro riga, ba kya yanka yadi daidai jikinsa. Kina barin rara a ciki, inci ɗaya ko biyu, ki kalmashe ta, uwar ba ta ma san tana nan ba, sai ranar da rigar ta matse ta kawo miki ki warware. Shekara talatin da huɗu ina ganin wannan dabarata ce. Ashe an riga ni. An bar wa Maigida rara a ka tun yana ciki, tun kafin a sayi kujerar, tun kafin kafinta ya yi min teburin nan. Na kasa ɗauke ido daga allon har Likita ya kashe.

Na tambaye shi me ya haɗa ciwon dama da hannun hagu. Ya ce ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, na hagu kuma ya juya dama. An gitta zaren ke nan. Wa ya isa ya yi tunanin haka?

Hannun zai dawo? Ya ce a jira.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Awon kansa, 44.7.

Surukina gyaran firji yake yi, kuma mutum ne da in abu ya lalace sai ya san wane ƙarfe ne ya jawo. Tun jiya yake juya maganar. Yau ya durƙusa kusa da bencina ya ce, "Inna, ni fa abin bai shiga kaina ba. In yana ɗaure, ko kujerar ta faɗo ai bai kamata ya fita daga ciki ba. Maƙullin bel ɗin ne ya saki. Kayan banza suka sayar min. Wallahi sai na kai musu ita har shagon, gaban mutane, kafin su kashe ɗan wani."

Na ce ya bari yaro ya samu sauƙi tukuna.

Ya ce, "Kujerar tana shagonki ko?"

Na ce shagon a kulle yake. Makullin yana ƙasan jakata, a ƙarƙashin wannan littafin.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na je shago, karo na farko tun ranar. Mai guga na kusa da ni, wanda ya tare mana mota, ya share min ƙofa ya yayyafa ruwa. Na gode masa na shige na turo ƙofa.

Komai yana inda na bar shi. Rigar amaryar mutane tana ƙarƙashin allura, rabin hannu a ɗinke. Kujerar tana ƙasa a kife. Ban taɓa ta ba. Gwangwanin maɓallai yana kan kantar kaya, shi ma ban taɓa shi ba.

Keken ɗinkina na lantarki a kan teburin yanka yake zaune, a gefe ɗaya. In ina taka shi, teburin yakan ɗauki wata 'yar rawa da ido ba ya gani. Maigida yana son ta. Da na kunna keke, sai idonsa ya fara lumshewa, har nakan yi wa mata fariya cewa mijina ba ya barci sai da kiɗa. A ƙasa kuwa fil ne da karyayyun allurai ko'ina, shi ya sa na ce sama ta fi masa. Malama ta taɓa nuna min wani ɗan zane a jikin kujerar, tebur da jan layi a kansa. Na ce mata ni na rene ta ba da zane ba.

Yau na ɗauko ƙwaryar fil na ajiye ta daidai inda kujerar take zama, inci tara daga baki. Na cire zare, na taka keken haka nan, ina kallon agogo. Da farko ba ka ganin komai. Sai ka ɗauke ido ka dawo, ka ga ta matsa. Minti goma sha ɗaya ta kai baki.

Sau uku na gwada. Sha ɗaya, sha uku, sha ɗaya.

Kuma na sani. Abin da ke cina ke nan. Kowane tela mai irin teburin nan ya san kaya suna tafiya. Almakashina kullum yana hanyar faɗuwa, hannuna na hagu yana jawo shi ba tare da na duba ba, sau ɗari a wuni. Ranar Talata ma na tuna sarai na jawo almakashin.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

45.2. Ya yi amai sau biyu, idonsa ya kafe na ɗan lokaci. An sake yin hoto. Likita ya ce in gobe ya ƙara hawa, za su shiga da shi ɗakin tiyata.

Malama ta fito ta zauna kusa da ni. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba mai jingina da mutum ba ce, ni ma kuma ba na jan ta a jiki, kowa ya san halinmu. Yau sai ta kwantar da kai a cinyata kamar 'yar shekara biyar. Na ji nauyin kanta. Wannan kan ma da hannuna na tallafe shi yana da taushi, ban san komai game da ɗinkinsa ba.

Ta ce, "Inna, ni ma na sha ganinsa a kan teburin nan, na yi magana sau ɗaya na yi shiru. Laifina ne ni ma. Abin da kawai ke kwantar min da hankali, a hannunki abin ya faru. Na san babu abin da ya kamata a yi da ba ki yi ba."

Na shafa kanta. Na ce ta yi addu'a.

Litinin, ƙarfe tara na safe

45.2. Bai hau ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

44.9. Na sa nas ɗin ta sake aunawa. Ta sake, ba ta ko ɓata rai ba. Yau sati guda.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ya buɗe ido. Ya yi wani kuka siriri na jin haushi, irin wanda yake yi in an makara da abincinsa, duk ɗakin muka sa dariya muna kuka. Aka ba uwarsa, ya kama nono kamar mai rama bashin gaba.

Na zauna a gefe ina kallon maɗigarsa. Da can tsoronta nake ji, ko wanka nake masa sai in kauce mata. Kwanakin nan ta cika ta yi tauri, yau ta sauka, tana bugawa a hankali, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Fata ce kawai a wurin, ba ƙashi. Abin da ke tsakanin duniya da duk abin da yaron nan zai zama bai kai kaurin yadin labule ba, kuma haka kowannenmu ya fara, har Likita da tabaransa, har ni da bakina. Ta yaya muka kai girma? Ta yaya titi ya cika da mutane, kowa ya ratso ta wannan siririyar hanya? Na daɗe ina kallo har Malama ta ce, "Inna, kin ƙura wa mijinki ido, za ki sa shi ya ƙware."

Jinin fa, ina zai tafi? Likita ya ce jiki ne zai shanye shi da kansa, kaɗan-kaɗan, tsagewar kuma ta haɗe ba allura ba zare.

Hagun har yanzu a buɗe.

Malama ta miƙo min shi. Na ce murar ba ta sake ni ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

44.3. Surukina ya ce tunda hankali ya fara kwanciya, gobe da rana zai biyo ya karɓi kujerar. Har ya yi magana da wani abokinsa da zai raka shi shagon da ya saye ta.

Na ce to.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Na buɗe gwangwanin maɓallai.

Bel ɗin yana ciki a naɗe, inda na sa shi. Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko a nan ne. Bakinsa kaifi gare shi, yana gurje wa Maigida cinya har wajen ya yi ja. Na ce wannan ai aikin minti goma ne, in farke shi, in naɗe shi da yadi mai laushi, in mayar. Na farke shi. Na yi rabi, sai kayan bikin mutane suka taso ni gaba. Na ce gobe. Kwana takwas ina cewa gobe, ina rufa masa tawul a ƙafa, ina cewa ai ba ya juyi tukuna, kuma ga ni kusa.

Na tayar da kujerar. Na cire yadin da na fara naɗawa, na nemo zare mai kauri, baƙi, irin nasu sak. Ramukan tsohon ɗinkin suna nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da allurar hannu ina mayar da bel ɗin, ban ƙara ko rami guda ba. Da na gama na kai ta bakin taga na duba. Wanda ya ƙera kujerar ma ba zai ce an taɓa ta ba. Surukina zai ɗauka ya tafi, ya yi wa mutanen shagon tas, su rantse, ya rantse, a watse. Malama ta ci gaba da kwantar da kai a cinyata.

Na zauna ina kallon aikin hannuna. Ya yi kyau ƙwarai. Sai hoton nan ya dawo min, farin ƙoƙon da layukansa, aikin da aka yi a cikin duhu inda ba mai gani, kuma ba a yi ha'inci ko na ɗigo ɗaya ba. Ga nawa kuma a gabana. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ni kaɗai a ɗaki.

Na sha warware ɗinkin da ya ɓaci. Wanda ya yi kyau, yau na fara. Na sa bel ɗin a jaka tare da guntun yadin.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa musu.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina gida. Jiya ban iya rubuta yadda aka yi ba.

Malama da surukina suna ɗakin asibitin, Maigida yana barci. Na fito da bel ɗin na ajiye a kan gado. Na ce, "Ba maƙulli ne ya saki ba. Babu bel a kujerar ranar. Ni na cire shi."

Surukina ya ɗauka ya juya, ya danna maƙullin ya ji ya yi ƙas, ya buɗe, ya sake dannawa. Malama ba ta taɓa bel ɗin ba, guntun yadin ta ɗauka tana murzawa.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Yana gurje masa cinya. Na so in naɗe masa."

"Tun yaushe?"

"Kwana takwas kafin ranar."

"Da Likita ya tambaya, kina tsaye."

"Ina tsaye."

"Ranar Lahadi da na kwanta a jikinki..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ninke yadin gida huɗu ta ajiye. Da ta yi ihu da na ji daɗi. Sai ta ce, a hankali, kamar tana sallamar baƙuwa, "Inna, ki je gida ki huta. Kin gaji."

Surukina ya raka ni har bakin titi, ya tare min mota, ya buɗe min ƙofa, ya ce a sauka lafiya. Ladabinsa bai ragu ko kaɗan ba, kuma bai dube ni ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Yanzu nas ɗin tana aunawa. Ban san lambar ba.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na gama rigar amarya, uwarta ta zo ta karɓa tana ta yaba hannun. Na sa mai guga ya taya ni sauke keken daga tebur, na mayar da shi kan tsohuwar ƙafarsa ta ƙarfe a jikin bango. Na bi daɓen shagon da maganaɗisu, lungu-lungu, a durƙushe. Fil da guntayen allura sittin da ɗaya. Aikin bai kai rabin awa ba. Rabin awa, da tabarma, da shi ke nan.

Na shimfiɗa tabarmar duk da haka. Mai guga ya leƙo ya ce, "Hajiya, baƙi za a yi?" Na ce ya kula da wandon mutane, yana ƙauri.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Surukina ya kira. An sallame su. 43.8. Hannun sai a hankali, an koya musu yadda za su riƙa motsa masa shi. Na ce Malama fa? Ya ce tana lafiya, tana wanka. Na ji muryarta a bayansa tana yi wa yaron wasa.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na yi masa hula mai taushi da za ta rufe wajen askin. Na bar rara inci ɗaya. Tana cikin aljihun tebur.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Ba su zo ba. Mata biyu sun kawo ɗinki, sun tambayi Maigida, na ce yana wajen uwarsa. Ta ɗauki hutu a makaranta.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Ina cikin yanka wani yadi na ga inuwa a ƙofa. Malama ce, da shi a kafaɗa. Ta rame. Ta gaishe ni a tsaye, na amsa. Ta dubi tebur, ta dubi keken a jikin bango, ta dubi tabarma. Ta cire takalmi ta zauna a kai.

Ta ce, "Likita ya ce a riƙa auna kansa duk sati. Tef ɗin takardar da suka ba ni ya yage."

Na san akwai tela a ƙofar gidansu, har biyu. Na sauko na durƙusa a gabanta, na zaro tef daga wuyana.

Ta ce, "Ba haka ba. Karɓe shi, hannuna ya gaji."

Na ce, "Murar nan..."

Ta ce, "Inna, murar nan ta isa haka."

Na karɓe shi. Kwana ashirin da uku. Ya yi nauyi, ko kuwa ni ce na manta. Gashi ya fara tsirowa a wajen askin, laushi kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba, kuma a ƙarƙashinsa, inda ba na gani, ana can ana haɗa abin da na fasa. Ya dube ni ya ɗaure fuska, irin ta mijin da aka daɗe ba a kai wa abinci ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi." Malama ta juya tana kallon kantar kaya.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ba ta ce za ta bar min shi ranar Litinin ba.

Na ɗora shi a cinya, na zagaya tef ta goshi, na bi ta wajen da ya fi tudu a ƙeya kamar yadda nas ɗin nan ta koya min. Ina ƙoƙarin haɗa bakin in karanta, sai na ji an ja. Na ɗauka tef ɗin ne ya maƙale a maɓallin rigarsa. Na duba.

Na ce, "Malama." Ta juyo.

Ba da ƙarfi ya riƙe ba, yatsu uku ne kawai suka lanƙwashe, ƙaramin yana ta ƙoƙarin bin sahu. Amma ya ja, ya kai baki, ya fara tsotsa.

Na buɗe gaban littafin, wajen awo na gaskiya, na rubuta kwanan wata da sunansa. Gurbin lambar yana nan ba komai. Ɓarawon yana riƙe da tef ɗin tun ɗazu, daga inci tara zuwa goma, da hannun hagu, kuma ba ni da niyyar karɓa.